Tambayar da Ban Yi wa Baba Halliru Ba

"Ba ni ƙwayar nan 'yar rawaya, Shafi'u, ƙaiƙayin gero ya hana ni sakat," in ji Baba Halliru, yana sosa wuya a ƙofar shagona na magani a Goronyo. Idanunsa sun yi jajawur, atishawa kuwa sai ka ce yana kiran awaki.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. A wurin koyon aiki an karanta mana cewa kafin ka miƙa ƙwaya, ka tambayi mutum ko yana shan wani magani. Tambayar ta zo mini har baki. Na kuma san tun rasuwar matarsa yake shiga motar Sakkwato duk wata, yana cewa zumunci. Amma yaya zan titsiye wanda ya goya ni? Kunya ta kama ni, na miƙa masa.

"Guda za ka sha, Baba, in za ka kwanta."

"Kwanciya da rana tsaka? Albasa tana jiran ruwa." Ya jefa biyu a baki, ya kora da ruwan butata, ya hau keke ya nufi fadama.

Bayan la'asar masu ban-ruwa suka same shi, rai ya yi halinsa. Injin ban-ruwansa yana ta aiki, shi kuwa ya kife cikin hanyar ruwan da ko gwiwa ba ta kai ba. Sun ce da alama zama ya yi a bakin ruwan, barci ya ɗauke shi.

Ranar addu'ar uku 'yarsa Ruƙayyatu ta kira ni zaure, ta buɗe gwangwanin goronsa. Ƙwayoyi ne a ciki, an ɓare su daga takardarsu.

"Tun da Inna tar rasu shika shan su, na ciwon damuwa na," ta ce. "Ya ce kar kowa shi sani, kar a ce ya taɓu. Mi kag gani, Yaya?"

Na karɓi gwangwanin. Washegari na kai wa likitan da ke duba shi a Sakkwato. Ya ce ba kowane maganin ƙaiƙayi ne ke faɗa da irin wannan ba, amma wanda na bayar da nasa duka masu sa barci ne, in sun haɗu suna iya kayar da mutum a zaune. Na dawo na gaya wa Ruƙayyatu komai, har da abin da ban tambaya ba. Ta yi kuka, ni ma na yi. Har yau abin yana ci mini rai.

Sati bai cika ba, Malam Iliyasu, limamin unguwarmu, ya zo yana sosa hannu. Mutum uku na zaune a benci.

"Ba ni 'yar rawaya."

Na ce ya ɗan shigo daga ciki. Na rage murya. "Malam, kana shan wani magani?"

"Yaro, ni kaka tuhuma?"

"Ba tuhuma ba ta, Malam. Amma sai ka hwaɗa min."

Ya daɗe yana kallona. Ƙwayar tana cikin tafina, ban buɗe ba. Can ya waiwaya ya dubi benci, ya sa hannu a aljihun ciki, ya zaro wata takardar asibiti da aka naɗe sau huɗu, ya ajiye a kan tebur.