Igiyar Jarƙafa a Hannun Talatu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwa a buɗe suke.

Akwai wani mutum Ɗanjuma, mutumin Damagaram, jikan mafarauta, da ke gadin garken tumaki a Makka, can bayan unguwar Ka'akiyya, inda gidaje suka ƙare duwatsu suka fara. Matarsa Talatu tana zaune a unguwar Utaibiyya da 'yarsu Mubina. Zamansu lafiya lau, in ban da abu ɗaya: karnuka.

Biyu gare shi, irin siraran nan na farauta da Larabawa ke kira saluki, masu dogon wuya da ciki a ɗame. Uwar, Jarƙafa, ta tsufa har bakinta ya yi furfura. 'Yar kuwa, Walƙiya, in ta tsaya sai ka ce zana ta aka yi. A garke suke kwana, ba su taɓa taka Utaibiyya ba, amma duk da haka Talatu ta ware wa mijinta bokitin wanki dabam, kuma sai ya tuɓe rigar aiki a bakin ƙofa kafin ya shigo.

"Malam fa ya ce karen kiwo da na farauta ba laifi," in ji shi.

"Malam ba shi ke wanke kwano sau bakwai ba, Baban Mubina."

To, masu irin waɗannan karnuka suna da wata ƙungiya da ke yin gasar kyau duk lokacin sanyi, a wani fili mai katanga kan hanyar Jidda. Ba tsere ake yi ba. Alƙali ne ke duba haƙora, ya shafa gadon baya, ya sa a zagaya fili da kare ya ga takunsa, sannan ya nuna wanda ya fi. Karnuka maza dabam, mata dabam. Wanda ya ci sai a ba shi maki, amma makin ya danganta da yawan waɗanda ya kayar. In biyu ko uku suka tsaya a fili, maki ɗaya. Huɗu ko biyar, maki biyu. Sai sun kai shida ake ba da uku, ita ce suke kira babbar nasara. Kafin kare ya zama zakara sai ya tara maki goma sha biyar, kuma dole a ciki akwai babbar nasara sau biyu, a hannun alƙalai daban-daban. Ni ban ga laifin dokar ba. An yi ta ne don kada mutum ya riƙa kayar da karen maƙwabcinsa shi kaɗai ya ce ya zama sarki. Mutane ne suka ɓata ta.

Walƙiya ta daɗe da wuce goma sha biyar. Babbar nasara ɗaya ce ta rage mata, kuma Hatim ya rantse a ransa ba za ta same ta ba.

Wannan Hatim, abin da ya fi ƙona mini rai, jininmu ne. Kakarsa Bakanuwa ce, a unguwar Jarwal aka haife shi, yanzu yana da gidajen saukar alhazai har uku a can. Yana da tasa karyar mai suna Shahina, da wasu biyu. Ba a taɓa samun zakara mace a ƙungiyar ba, kuma sunan ta farko za a rubuta a jikin babban kofi har abada. Shahina tana baya da maki. Sai ya ƙirƙiro dabara. Zai shigar da nasa uku, lissafi ya cika, kowa ya zo da murna. Da ya ga Walƙiya ta sauko daga mota tana sheƙi, sai ya dafe kai ya ce nasa duka sun kwana da ciwon ciki, ya mayar da su keji. Fili ya koma huɗu ko biyar. Walƙiya ta ci, a ba ta maki biyun da ba za su amfane ta da komai ba. Ya yi haka bara, ya sake yi a farkon sanyin bana. Ku ji mini mugunta. Mutum ba zai kayar da kai ba, kuma ba zai bari ka kayar da shi ba.

Shekaru kuma suna tafiya. Ɗanjuma ya fara ganin farin gashi ɗaya-ɗaya a haɓar Walƙiya. Ya san in gasar ƙarshe ta bana ta wuce, baɗi 'yan matasa za su sha gabanta, shi ke nan.

Sai ya yi nasa shirin. Ya shigar da sunan tsohuwa Jarƙafa ita ma, don in Hatim ya janye nasa ta cike gurbi. Amma kowane kare sai da mai riƙe masa igiya a fili, mutum ɗaya ba ya riƙe biyu. Ya roƙi abokinsa Sabitu, mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Sabitu ya bugi ƙirji.

"Haba Ɗanjuma, igiya kawai? Ko goya ta ka ce in yi, sai in goya."

Ranar Asabar bayan la'asar suka ɗauki hanya. Talatu na gaban mota, ba don kallon karnuka ba, Allah ya kiyaye, sai don daga can za a sauke ta gidan ƙanwarta Hure a Jidda. Ta rungume robar dambun naman da ta yi mata, ta rufe gilashi ruf don ko warinsu kada ya shigo daga baya.

Mata takwas aka rubuta ranar: na Hatim uku, na wasu mutane huɗu, da Walƙiya, sai Jarƙafa ta tara a matsayin ko-ta-kwana. Alƙalin wani dattijo ne daga Ɗa'ifa wanda bai taɓa yi wa Walƙiya hukunci ba, daidai yadda doka ke so. Ana kiran mata su fito, sai ga Hatim wajen shugaban ƙungiya, hannu a ƙirji, fuska kamar an yi masa rasuwa. Ciwon ciki ya sake kama nasa, su ukun duka. Saura biyar.

Ɗanjuma ya yi murmushi, ya sauko da Jarƙafa, ya miƙa wa Sabitu igiya. Hatim ya gani. Ya tako a hankali, farin taubinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, ko ƙura babu.

"Ya hala, barka da zuwa, Sabitu. Kai ma ka shiga harkar? Masha Allah. Na zaci gobe kai za ka duba mini mukayyif na gidan Jarwal, ɗaki arba'in ɗin nan. Ma'alesh, ba komai, in kana da aiki a nan sai in nemi wani."

Sabitu ya dubi igiya, ya dubi rigarsa.

"Ɗanjuma, wallahi na manta, da alwala nake. Ina son in kama magariba da ita. In ta lashe ni fa?"

"Ga famfo can."

"Rigar ce ai. Ita kaɗai na zo da ita."

Akwai Hausawa wajen biyar da suka zo kallo. Ɗanjuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da igiya a hannu. Wannan wayarsa ta yi ƙara, wancan ya ce bayansa na ciwo, ɗaya ma ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Gandama-gandaman maza, masu cika baki a shayi. Shugaba ya ɗaga murya ya ce in babu ta shida za a fara da biyar.

Hatim ya dafa kafaɗar Ɗanjuma. "Ya ammi, kawu, maki biyu ma alheri ne. Tara su, ka kai wa tumaki."

Wannan maganar Talatu ta ji, don ta sauke gilashi tun lokacin da ta ga Sabitu na ja da baya. Shekara da shekaru tana faɗa da mutumin nan a kan karnuka, amma ita ta san yadda yake raba naman miyarsa ya ƙulle musu a leda, ta san ranar da ya kwana zaune don Walƙiya ta taka ƙaya. Faɗan nata ne, ba na ɗan Jarwal ba. Ta buɗe mota ta fito, robar dambu a hammata.

"Ba ni igiyar nan."

"Talatu, karya ce fa."

"Na ga ba tunkiya ba ce. Ba ni."

Hatim ya yi dariya. "Ya hajiya, abayarki za ta ɓaci."

"Akwai sabulu a Makka, ɗana. Akwai ƙasa ma. Je ka ji da masu ciwon ciki."

Hatim ya ruga wajen shugaba yana cewa tsohuwar karya ce, ba ta ko iya tafiya, wannan wasa da doka ne. Shi fa, shi ke maganar wasa da doka. Shugaba ya ce sunanta na rubuce, in ta tsaya alƙali ya duba ta kuma ta zagaya fili da ƙafarta, ta shiga lissafi. In ta kasa gama zagaye, a cire ta, a koma biyar. Da Hatim ya ga haka sai ya ce to Shahina ta ji sauƙi, zai dawo da ita. Shugaba ya dube shi sama da ƙasa ya ce marar lafiya ba ta shiga cikin masu lafiya.

Aka jera su shida. Talatu ta riƙe igiya da 'yan yatsu biyu, hannu a miƙe can nesa da jikinta. Alƙali ya bi su yana dubawa, ya buɗe bakin Jarƙafa ya ga abin da ya rage na haƙora. Sannan ya kaɗa hannu a zagaya.

Walƙiya ta tafi kamar ba ta taɓa ƙasa. Sauran suka bi. Talatu na can baya tana sassarfa, abaya na harɗe ta. Suna kaiwa rabin fili, Jarƙafa ta tsaya, ta yi hamma, ta zauna daɓas. Talatu ta ja igiya, ko gezau. Ta ce "yalla", ta ce "tashi", ta ce "don girman Allah". Tsohuwa ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta. Daga gefe ana jin dariyar Hatim, shugaba kuma ya fara takowa.

Talatu ta tsuguna. Ta buɗe robar Hure, ta dumbuzo dambu cikin tafin hannunta, ta runtse ido ta miƙa.

"Ni da ke duk gwiwa ta tafi, baiwar Allah. Tashi mu gama, 'yarki ake zalunta."

Harshe ya bi tafin hannun nan tas, har tsakanin yatsu. Talatu ta cije leɓe, ta sake dumbuzowa, ta miƙe tana ja da baya da shi. Jarƙafa ta tashi. Haka suka ƙarasa zagayen, loma ɗaya taku kaɗan, har rabin dambun Hure ya tafi. Alƙali ya jira su, ya ƙirga da yatsa har shida, sannan ya juya ya nuna Walƙiya.

Ɗanjuma ya taho da gudu zai kama hannunta.

"Kar ka taɓa ni, kai ma najasar ce a jikinka. Ina famfon da ka nuna wa Sabitu?"

Sunan Walƙiya ne na farko a jikin kofi, kofin yana ɗakin gadi a garke, don Talatu ta ce ba zai shigo mata gida ba. Shahina ta zama zakara bayan shekara biyu, ta uku a jeri, kuma ƙungiya ta sa doka cewa wanda ya janye kare ranar gasa sai ya huta gasa ta gaba. Sabitu ya yi gyaran Jarwal, har yau in ya hango Ɗanjuma sai ya sauya titi. Hure ta karɓi rabin roba ta yi mita. Jarƙafa ta mutu da zafin da ya biyo baya, a inuwar garke. Talatu ta wanke hannunta sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ta ba da abayar sadaka, kuma bokitin Ɗanjuma yana nan dabam a bakin ƙofa.