Farin Gari a Gindin Kofi

Kofin ya wuce ta gefen kunnenta ya tarwatse a bango. Kafin ta juyo, mijinta Kafinta ya damƙi wuyan rigarta ya haɗa ta da ƙofar kicin.

"Mene ne wannan farin a gindin shayina? Faɗa min!"

Wata huɗu ke nan tana yi. Tun da mijin nata ya rantse ba zai ƙara haɗiyar ƙwayar asibitin ƙwaƙwalwa ba, wai maƙiya ke son kashe shi da ita, kullum da safe sai ta murƙushe ta da bayan cokali ta juya masa a shayi. Kuma wallahi ya samu sauƙi. Ya daina jin muryoyin da ke masa magana a ka, ya koma shago yana haɗa kujeru. Yau ne tsautsayi ya sa ta yi sauri, ba ta juya sosai ba.

"Baban yara, maganinka ne..."

Mari ya rufe mata baki, ta ji gishirin jini. Ya yi fatali da tukwane, ya rarumo guduma ya hau dukan teburin da ya yi mata da hannunsa shekarar aurensu, yana ihu ashe har da ita aka haɗa baki. Ƙanensa da maƙwabta biyu suka ɓalle ƙofa. Sai da ya karya wa ɗaya yatsa, ya gantsara wa ƙanen cizo a kafaɗa, sannan suka danne shi suka ɗaure da igiyar shanya. Har cikin mota yana kururuwa kamar ana yanka shi.

A asibiti aka yi masa allura ya yi barci. Sista, wata dattijuwa marar ɓoye-ɓoye, tana ɗinke mata leɓe tana faɗa.

"Wa ya ce ki ɓoye masa?"

"To da in zuba ido ya lalace?"

"Ban ce kin yi mugunta ba, 'yar nan. Amma ciwon nan kullum raɗa masa yake ana zuba masa abu a abinci, ke kuma kika zuba. Yanzu za mu gwada allurar wata-wata, da saninsa, ku riƙa zama da likita ku biyu. In kuwa bai yarda da ke ba, ba za a sallame shi gidanku ba, don ranki. Ƙanensa zai tafi da shi."

Shekara goma sha ɗaya, a ce kofi ɗaya ya raba su?

Da la'asar ya farka, bakinsa a bushe. Sista ta kwance masa hannu ɗaya ta tsaya kusa. Matar ta buɗe robar ruwa a gabansa ta tsiyaya a kofi.

"Ni na riƙa zuba maka magani, wata huɗu, ban gaya maka ba. Wannan kam ruwa ne zalla."

Ya daɗe yana hararta.

"Sha," ya ce.

Ta sha. Ɗinkin ya yi mata zafi, ya bar jan tabo a bakin kofin. Ya karɓa ya ƙura wa tabon ido.

"Ni na yi miki wannan?"

Ta gyaɗa kai.

Ya juya kofin a hankali har jan ya zo daidai bakinsa, sannan ya kafa kai.