Faifan Raɗa

"Mama, matsa. Ba ke ba, Goggo nake so."

Na riga na sunkuya na kara kunne a zoben ƙarfen lokacin da muryar Auta ta faɗo mini a ciki, tar, kamar a kafaɗata take tsaye. Alhali tana can ƙarshen zauren, ta ba ni baya, a gaban wani ƙaton faifan ƙarfe mai zurfi irin wanda nake tsaye a gabansa. Tsakaninmu 'yan makaranta ne cike suna ta hayaniya. Ma'aikacin gidan kimiyyar bai daɗe da gama yi mana bayani ba: faifai biyu ne suke kallon juna, in ka yi raɗa a zoben da ke gaban ɗaya, wanda ke gaban ɗayan zai ji ka sarai. Ni kuwa na yi wuf na riga kowa zuwa, don a raina na ce yau dai zan ji abin da 'yata take faɗa in ta yi ƙasa da murya. To, na ji.

Na matsa. Goggo ta tako a hankali da sandarta ta tsaya inda na tashi.

Goggo ba goggonmu ba ce ta jini. Maƙwabciya ce. Gidan hayar da muke ciki bene ne mai fili a tsakiya, barandarta tana kallon tamu. A da ita ce mai sanarwa a tashar jirgin ƙasa, tsofaffin gidan suna cewa in ta kira jirgi har masu shaguna na bakin titi suna gyara agogo. Ni ban riski wannan muryar ba. Tun kafin mu tare aka yi mata aiki a maƙogwaro, abin da ya rage mata ɗan huci ne kawai, sai ka kai kunne dab da bakinta kafin ka tsinci kalma.

Ni a kamfanin ɗinki nake aiki, fita da sassafe, dawowa bayan rana ta yi sanyi. Baban Auta kuma sana'arsa ɗaura dish, faifan kamo tashoshin talabijin, kullum yana kan rufin wani. Tun Auta tana rarrafe nake miƙa wa Goggo ita, ina godiya har da russunawa. Ban san ranar da godiyar ta fara yi mini ɗaci ba. Na dai wayi gari na ga yarinyar da ba ta haɗa mini jimla biyu a gida, in ta tsallaka can sai a jiyo bakinta kamar rediyo. In na ce, "Yaya makaranta?" ta ce, "Lafiya." In na ce, "Me kuka yi?" ta ce, "Ba komai." Haƙorinta na farko da ya faɗi, a tafin Goggo ta ajiye shi, ni sai giɓin na gani.

Tafiyar nan kuwa ni na ƙulla ta. Na daɗe ina roƙon shugabarmu hutun yini guda, na dafa ƙwai, na yanka burodi, na goge wa kowa kaya. Na shirya mu huɗu ne: ni, babansu, Auta da yayanta. Da safe Auta ta zauna a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya.

"In Goggo ba za ta je ba, ni ma na fasa."

"Goggo ba ta da lafiya," na ce. "Birni da nisa."

Babanta ya ce, "Bari a tambaye ta mana, ai ba laifi."

Ya leƙa baranda. Goggo tana can tsaye da jakarta a hannu, ta riga ta shirya tsaf.

A tasha, da lasifika ta kira jirginmu, na ga leɓen Goggo yana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, har ta girgiza kai a inda yarinyar da ke sanarwar ta haɗiye sunan gari. A cikin jirgi Auta ta zauna kusa da Goggo ta wajen taga. Ni aka bar ni da jakar abinci a cinya. A gidan kimiyyar ma haka aka yi. Mun ga ƙasusuwan wata dabba da kanta ya kusa taɓa rufi, mun shiga ɗaki mai duhu da taurari ke yawo a samansa, mun taɓa ƙwallon gilashin da walƙiya ke bin yatsan mutum. Duk inda abu ya ba Auta tsoro ko mamaki, zanen Goggo take ja. Aka ce in riƙe waya in yi ta ɗaukar hoto. Har yau hotunan suna nan, babu ni a ko ɗaya.

Da Goggo ta kai bakinta zoben ta motsa leɓe, sai na hango Auta ta yi tsalle a can ƙarshen zauren. Ta juyo ta kwaɗa kira da iya ƙarfinta, ta manta da faifan.

"Goggo, ashe haka muryarki take!"

Goggo ta dafa ƙirji, idonta ya ciko. Daga nan suka dasa. Auta ta faɗa, Goggo ta faɗa, kafaɗunsu suna rawa don dariya. Layi ya taru a bayansu har ma'aikacin ya zo ya roƙe su su ba wasu wuri. Ina tsaye taku biyu daga Goggo ban ji ko harafi ba, 'yata kuwa daga can tana kwasar komai.

A hanyar dawowa na ce, "Me kuke ta faɗa ke da Goggo?"

"Ba komai."

Na ɓare ƙwai na cinye shi ni kaɗai.

Ba a jima da tafiyar ba jikin Goggo ya rikice. Ta daina saukowa ƙasa, sai daga gado zuwa kujerar baranda. Ana cikin haka Auta ta kwaso tari a makaranta, likitan da ke duba Goggo ya ce kada mai mura ko tari ya kusance ta. Ba zan ɓoye ba, da na ji wannan hukunci wani sanyi ya ratsa ni. Na ce yanzu yarinya za ta zauna a ɗakin uwarta, dole bakin nan ya buɗe. Na sayo mata fensir mai launi, na zauna kusa da ita, na yi ta jan ta da hira. Ta ƙi ci, ta ƙi magana, sai ta rataye haɓa a ƙarfen baranda tana kallon tsallake.

Wata rana na dawo daga aiki na tarar da babanta da yayanta suna haurowa da tsofaffin dish guda biyu, irin manyan nan na da, duk tsatsa.

"Wannan kuma fa? Tashar talabijin za ka buɗe mana a gidan haya?"

"Gwadawa zan yi," ya ce. "Ba lallai ya yi ba."

Na yi addu'a a raina kada ya yi. Ya kafa ɗaya a barandarmu, ɗaya a ta Goggo, ya yini washegari yana juya su, yayan Auta yana can yana cewa a ɗaga kaɗan, a karkata kaɗan. Ya ja kujerar Goggo gaba da baya har ya sami wurin, ya zagaye ƙafafunta da alli. A namu ɓangaren ya ajiye wa Auta ɗan benci. Mutumin da famfon bayan gidanmu ya shekara yana ɗiga bai gyara ba, wannan aikin kam ya yi shi da kyau.

Daga ranar, Auta na dawowa daga makaranta za ta wurgar da jaka ta haye benci, ta ba duniya baya, ta sa baki a faifai. Ranakun da nake gida sai in tsiri shanya a baranda, ko kayan sun bushe in sake juya su. Ba na jin komai sai sis-sis. Kishi nake yi da tsohuwa mara lafiya, na san da haka, kuma sanin bai rage mini komai ba.

Goggo ɗa guda gare ta, direban babbar mota, yau yana nan gobe yana wata ƙasa. Don haka ni nake tsallakawa in goge mata jiki in canza mata zanin gado. Wata rana ina goge mata baya na kasa daurewa.

"Goggo, wai me yarinyar nan take gaya miki?"

Ta yafito ni. Na kai kunne bakinta.

"Tambaye ta."

"Na tambaya har na gaji. Ba komai, ba komai."

Ta huta, ta sake jan numfashi. "Ran da ta ce miki an ture ta a makaranta, me kika ce?"

"Me zan ce? Na ce wa ya ture ta, me ta yi masa, me ya sa ba ta gaya wa malama ba. Na ce gobe zan je makarantar da kaina."

"To ni, 'yar nan, ina na ga muryar duk wannan?"

Ta yi dariyarta mara sauti har tari ya sarƙe ta. Ni ban yi dariya ba. Na matse tawul ɗin kamar shi ya yi mini laifi, na ce a raina tsohuwar da ba ta taɓa tashi da asuba ta haɗa wa yarinyar nan kayan makaranta ba ita ce za ta koya mini riƙon 'yata.

Daga baya ɗan hucin ma ya ƙare. Sai ta koma riƙe ƙaramin cokali. In Auta ta yi magana ta tsaya, Goggo ta buga shi sau ɗaya a jikin kofin shayinta, ƙil, alamar tana ji. Sai Auta ta ci gaba.

Ranar hutu ce, da hantsi. Na fito da Goggo na zaunar da ita a kujerarta, na lulluɓe mata ƙafa da bargo, na dawo ina wanke-wanke. Auta ta daɗe a kan benci. Can sai ga ta a ƙofar kicin.

"Mama, Goggo ta daina buga cokali."

"Ta gaji ne. Ƙyale ta ta huta."

"Na yi ta kira."

Na fito da kumfa a hannu na duba tsallake. Goggo tana zaune yadda na bar ta, kanta ya ɗan karkata wajen faifan, kamar mai son ta ƙara jin wani abu. Cokalin yana ƙasa kusa da silifas ɗinta.

Na yi kuka, kuka na gaske, don mace ce da ta riƙe mini 'ya ba ta taɓa ɓata fuska ba. Amma ko a cikin kukan ina tuna abu ɗaya. Da muryar 'yata a kunne ta tafi, kuma abin da 'yata ta faɗa mata na ƙarshe ta tafi da shi.

Auta ba ta yi kuka a gabana ba. Na rungume ta, ta tsaya ƙiƙam har na sake ta. Ɗan Goggo ya zo aka yi abin da za a yi, ya kwashe gado da akwatuna, ya bar mini mabuɗi in riƙa ba shukokin baranda ruwa kafin a sami sabon ɗan haya. Kujerar ya ce ta tsufa, a ba wanda yake so. Baban Auta ya ce ƙarshen mako zai sauke faya-fayan.

Da yamma na tsallaka da butar ruwa. Ɗakin fayau, sai ƙusoshi a bango. A baranda kujerar tana cikin zagayen allinta, kofin yana kan ƙarfe da busasshen shayi a gindinsa, wani ya ɗauki cokalin ya sa a ciki. Ƙafafuna suna ciwo daga taka keken ɗinki, na zauna.

"Goggo."

Saura kaɗan in saki butar. A kunnena take, dab, har ina jin yadda take haɗiye yawu. Na waiga a hankali. Auta tana can kan bencinta, ta ba ni baya.

"Goggo, yau an canza mana wurin zama. An sa ni kusa da yarinyar nan mai tsunkuli. Ta tsunkule ni har wurin ya yi ja."

Wace yarinya? A ina ta tsunkule ki? Malamar tana ina? Tambayoyin suka taso mini gaba ɗaya har bakina ya buɗe. Na danne shi da tafin hannu. Auta ta yi shiru irin shirun da take yi in tana jira.

Na miƙa ɗaya hannun na zaro cokalin, na buga shi a jikin kofi.

Ƙil.

Bayanta ya sandare. Ta juyo, ta dube ni ta tsallaken filin, ni ma na dube ta, hannuna yana kan bakina. A ƙasa wata mata tana kiran ɗanta ya shigo wanka. Mun daɗe a haka. Na jira ta ce in matsa.

Sai ta juya ta gyara tsayuwa a kan benci, ta mayar da bakinta faifai.

"Goggo," ta ce, "kuma ɗaya haƙorin ma ya fara girgiɗi."

Butar da na saki ta karkace, ruwanta yana ta zuba a hankali kan allin da ke ƙarƙashin kujera. Na bar shi, na gyara riƙon cokalin.