Agogon Baba Zai Yi Magana

...kuma wa ya ce ba zai buga ba? Wa? Auta fa ake magana, mai gyaran da agogo ke jin takunsa ya shiga taitayinsa! Ga shi durƙushe a bayan dogon agogon Baba, kai cikin akwatin katako, hantsaki a baki. Lilon agogon ya daina ɗingishi, ƙas, ƙas, daidai wa daida. Ƙarafan nauyi uku sun koma mazauninsu — mafi nauyi shi ke jan kiɗa, ko jaki ya san... to, ban da Yaya. Digiri biyu, ko batir bai iya sakawa ba.

"Kurin banza," in ji Yaya jiya. "Shekara ashirin kana gyara na mutane, na gidanmu yana tafiya bebe." Ƙarfe huɗu zai zo ya gane wa idonsa. Ya zo mana! Ya taho da kujera ma!

'Yan gudumomin buga kiɗan nan takwas... a lanƙwasa wannan kaɗan, kar ta kwanta kan sandarta, tazarar kaurin farce — ting! Kai, ji murya! Baba na ɗaki kwance, wata uku ko zama ba ya iyawa, abu ɗaya ya roƙa: ya sake jin agogonsa. Zai ji. Yau ɗin nan zai ji!

Saura 'yar fankar da ke sakin kiɗa. Ba ta juyawa. Auta ya san dalili — ya fi kowa sani, shi ya sa amsarsa kullum "sai an samo kayan gyara". Hantsaki ya shiga... a hankali... ta fito! Takarda, ninki takwas, ta yi launin ƙasa. Sakamakonsa na aji huɗu. Na talatin da tara cikin arba'in — na arba'in ɗin ma bai zo jarrabawa ba!

A wancan lokacin, kullum da agogo ya buga bakwai, sai Baba ya yaye bargo, tashi, makaranta! Sai Auta ya cusa ta cikin fankar. Dabara ɗaya, riba biyu: takarda ta ɓace, agogo ya yi gum. Ƙwaƙwalwa ke nan! Sai dai dukan da Baba ya yi da bel... Yaya aka gani yana goge gilashin ranar. Bel na sauka, Yaya na rantsuwa, Auta a ƙarƙashin gado yana cizon hannu kar dariya ta kuɓuce. Har gobe, in Baba ya hasala da Yaya: "Kai da ka kashe min agogo."

Fanka ta saki, firrr! Saura minti biyu. Takardar fa? Aljihu? Ko a haɗiye ta? Ya ce tsatsa ce, wa zai musa wa gwani? Amma Baba zai tambaya, dole ya tambaya — me ya same shi, Auta? — Yaya kuma na tsaye a gefen gado...

Ƙirit. Agogo ya ɗaga guduma, yana jan numfashi. Sallamar Yaya a bakin ƙofa. Takarda na hannu, hannun ya ƙi shiga aljihu... ya ƙi.