Tarin Auta

Kofin maganin yana hannun Auta, amma tsohon hedimasta ba kofin yake kallo ba. Kunnuwan mai riƙe da shi yake nazari, da goshinsa, da ƙirar hancinsa. Tun ranar haihuwa yake ganin fuskar nan, sai yau ya soma duba ta kamar takardar ɗalibin da ake zargi da satar amsa.

"Baba, sha mana, zai huce."

"Ajiye."

Korona ta shiga gidan ta kwantar da shi, da matarsa, da manyan 'ya'yansu. Auta kaɗai cutar ta tsallake, shi ya rufe shagon ɗinkinsa yake jinyarsu. Da farko hedimasta ya ɗauki abin a matsayin rahama. Kakarsa ta sha faɗa masa cewa ko murar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta bar musu mutum guda mai ɗebo ruwa.

Sai ƙaninsa ya bugo waya.

"Yaya, ka ji sabon bincike? Wai cutar nan jini take bi. Masu jinin O ba ta taɓa su."

"Cewa aka yi tana ɗan raga musu. Kaɗan."

"To, kai A, matarka A. Auta fa?"

"O."

"Ikon Allah! Ni dai ban ce komai ba. Amma kyan ɗa ya gaji ubansa, ko da a cuta ne."

Hedimasta ya san A da A suna iya haifar O. Da hannunsa ya sha zana wa ɗalibai hakan a allo. Sai dai jinin littafi daban, jinin da uba ke nufi idan ya ce "jinina" daban, zazzaɓi kuwa ya cakuɗa masa su.

*

Da la'asar ya juyo ga matarsa, wadda ke kwance a ɗayan gadon tana jan numfashi da ƙyar.

"Shekarar da aka tura ni ƙaro ilimi, kafin haihuwar Auta ne, ko bayanta?"

Ta dube shi.

"Malam, ɗan numfashin da ya rage mini kake so?"

Ta juya ta fuskanci bango.

*

Washegari da hantsi ya ji sautin daga ɗakin girki, inda Auta yake: tari busasshe, mai tsage ƙirji, irin nasu. Ya kasa kunne. Aka sake yi, sa'annan cokali ya faɗi ƙasa.

Wani sanyi ya ratsa zuciyarsa. Kafin ya ankara, kalmar ta kufce masa.

"Alhamdu lillahi."

Matarsa ta ji. Ta dafa gado ta miƙe, ta bi bango da hannu zuwa wajen ɗanta, ba ta waiwayo ba.

Shi kuwa ya ɗauki kofin jiya, wanda ya riga ya huce, ya shanye.