Sa Hannun Babanmu

Da Babanmu ya yi ritaya daga aikin hedimasta, ya ce zai kai Mama hutu ƙasar waje. Bai yarda da katin banki ba, wai na'ura haɗiye shi take yi. Tsabar kuɗi kuwa, ya ce ɓarayin can da digiri suke sata. Sai ya tafi banki sayen cakin matafiya.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, manya za a ba ka ko ƙanana?"

"Ƙanana, 'yata. Masu yawa."

Ta yi masa bayani: zai sa hannu a saman kowanne yanzu, ranar canji kuma ya sake sawa a ƙasa, a gaban mai canjin. Baba ya ga mutanen layi suna kallonsa, ya gyara tabarau, ya dinga zuba wani sa hannu mai wutsiya da ɗigo uku, irin wanda bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Guda arba'in.

Da suka isa can, mai canji ya duba saman cakin, ya duba ƙasa, ya turo masa abinsa ta ƙarƙashin gilashi. "Ba hannu ɗaya ba ne."

"Ni ne fa! Ga ni, ga fasfo!"

A tsaye Baba ya lalata caki uku, na ukun kamar kaza ta taka tawada.

Mama ta ja shi zuwa benci. Ta karɓi biro, ta kalli cakin sau ɗaya, ta zana sa hannun a bayan tikitin jirgi, har da wutsiyar.

Baba ya daɗe yana kallo. "Ke, a ina kika koyi wannan?"

"Malam, wa kake zaton yake kwaikwayon sa hannunka a sakamakon jarrabawar yaran nan idan sun zo na ƙarshe?"

"Har da babbar?"

Babbar 'yarsu kuwa, ni ce.

"Ita ce ma ta kawo shawarar," in ji Mama.

Kwana biyu suna ɗakin otel, shayi da burodi kawai, Mama na koya wa hedimasta rubuta sunansa. Idan wutsiyar ta karkace sai ta ce, "Sake." Rana ta uku mai canji ya karɓa. Baba ya canja sauran duka a lokaci guda, don kada hannun ya sake gudu.

Ranar da suka dawo, ko takalmi bai cire ba ya aika a kira mu falo, mu biyar, har da mai 'ya'ya uku.