Gungumen Mabugar Halilu

A shekarun da Nasara ba su kai ga shigowa Damagaram ba, akwai wani dattijo a Dungas, sunansa Maina. Shekara talatin yana bugun rawunna a mabugar Halilu. Su huɗu ne suke zama jere, su shimfiɗa rawanin da aka rina a kan dogon gungume, su yi ta dukansa da guduma har ya ɗauki ƙyalli. Kunnen Maina ya daɗe da mutuwa, sai an yi ihu yake ji, amma hannunsa bai taɓa saɓa wa na kowa ba.

Ana nan sai gungumen ya tsage. Halilu bai samu dogo ba, ya kawo gajeru huɗu, aka kafa wa kowa nasa a cikin yashi.

Daga ranar aiki ya rikice. Ƙa'ida ita ce a ɗaga guduma tare, a ja rawani gaba, a sauke tare. To, Maina sai ya sauke tasa ana cikin ja. Rawani biyu suka yage a rana guda.

Ajimi, wanda ke zama kusa da shi, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ka je gida ka yi jiran kaji mana! Su ba sa yagewa."

Halilu ya tsawata masa, amma da la'asar ya ja Maina gefe, ya yi masa magana a kunne. "Baba, fataken garin Waca na tafe jibi sayen rawunna. In an ƙara yaga ɗaya gobe, sai dai ka huta."

Maina ya koma gida, ya zauna a kan wata azarar giginya da ke yashe a ƙofarsa. Can sai ya ji jikinsa na rawa a hankali. Ya waiga, ashe akuya ce ke susa a ɗaya ƙarshen. Ya zuba mata ido. Ashe duk shekarun nan ba da kunne yake bin abokan aikinsa ba, itacen ne ke kawo masa bugunsu har cikin hannu. Yanzu kuwa yashi ke shanyewa.

Da safe shi da matarsa Ƙande suka jawo azara biyu har mabuga. Ya jera su, ya ɗora gungumen nan huɗu a kai, ya ɗaure tam.

"Ɗaki za ka gina mana, Baba?" in ji Ajimi da ƙarfi.

"Zauna ka buga yadda ka ga dama," Maina ya ce. "Kada ka bi kowa."

Suka fara, kowa da nasa, kamar ƙanƙara a kan ƙwarya. Ajimi da gangan yake sauri. Amma duk wanda ya riga, sai itace ya ɗan tauye shi, wanda ya makara kuma ya ji an tunkuɗo hannunsa. Kafin a kai rabin rawani, bugu huɗu ya koma ɗaya. Dim! Dim! Har marina suka bar karofi suka leƙo.

Ajimi ya dubi hannunsa. "Wallahi ba ni nake yi ba!"

"Wa ke ja muku gaba?" Halilu ya tambaya.

Babu wanda ya sani.

Rawani tara suka gama ran nan, ko zare bai fita ba. Halilu ya ɗaga na ƙarshe a rana, ƙyalli ya kashe masa ido. Ya sunkuya ga kunnen Maina zai yaba masa, sai kuma ya fasa, ya ƙwanƙwasa azarar sau biyu.

Maina ya ji a tafin hannunsa, ya yi dariya.